Farar Filta a Ras Al Khor

Tun da na dawo daga Dubai abokai ke tambayata yadda tafiyar ta kasance. Wasu labarin dogayen gine-gine suke so, wasu kuma, musamman ƙannenmu da ke aji uku a sashenmu, so suke su ji yadda aka yi aka ɗauke ni. Nakan ce sai an zauna, don ba na son faɗin abin da ban tabbatar ba. Yanzu na gama karatu, ina zaman jiran hidimar ƙasa, ba ni da sauran uzuri. Zan rubuta iya abin da na gani. Mai yiwuwa wanda ya je bayana ya ga wani abu daban.

Shirin na wata jami'a ce a can. A dogon hutu sukan ɗauki ɗaliban da ba su gama digirin farko ba, daga wuraren da ba a cika samun 'ya'yansu a binciken lafiyar muhalli ba, su haɗa kowane ɗalibi da malami guda ya yi aiki a ƙarƙashinsa. Wani malaminmu ne ya turo mini sanarwar. Na ce masa ina ganin ba irinmu ake nufi ba. Ya ce, "Saminu, in ba irinka ba, irin wa? Ka nema. In sun ƙi ka, ai ba dukanka za su yi ba." Daga baya na gane abin da ya taimake ni. Akwai wata malama da ke binciken iskar da ma'aikata ke shaƙa a garejoji, kuma cikin ma'aikatan akwai Hausawa da ba ta da yaren yin magana da su.

Na bar Haɗejiya ana tsakiyar damina. Motar da ta kawo mu Kano tana yoyo ta gefena, na iso da rabin rigata a jiƙe. Innata ta cusa mini kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa a jaka, ta ce ba ta yarda da abincin mutanen da ba ta sani ba. Na so in cire su, amma ban iya yi mata musu ba.

A jirgi na zauna kusa da wani dattijo mai ƙiba, Alhaji Sabi'u, ɗan kasuwar kayan mota a Kano. Kafin jirgi ya tashi ya riga ya san sunan mahaifina da unguwarmu.

"To kai me za ka saro?"

"Ba saro zan yi ba, Alhaji. Bincike zan je."

"Binciken me?"

"Iskar da ma'aikata ke shaƙa."

Ya dube ni da kyau. "Ta Kano ta ƙare ne, har sai ka hau jirgi?"

Mun yada zango a Addis Ababa, inda ya saya mini shayi, ya kuma hana ni duba fasfona a karo na barkatai. A filin jirgin Dubai jami'in duba fasfo ya nuna mini inda zan kalla, na'ura ta ɗauki hoton idona, ya buga hatimi. Na ɗauka na tsira, sai masu duba kaya suka tsayar da jakata. Ɗayansu ya ɗaga ledar kuka, koren gari, yana jujjuya ta. Na fara bayani da Turanci cewa ganyen wata bishiya ce, cewa a iya sanina ba ya cikin abubuwan da aka hana, ko da yake ban duba dokarsu sosai ba. Alhaji Sabi'u ya matso ya ce da shi, "Shorba, habibi, shorba," wato miya. Mutumin ya kai hannu ya kwance ƙullin daddawa. Bai ƙara tambaya ba, ya zuge jakar da sauri ya ce mu wuce.

Da muka fito waje zafin ya buge ni kamar an buɗe murhun gidan biredi. Gilashin idona ya yi hazo nan take. Mu da muke ganin mun san rana, can da ɗumin ruwa take zuwa, gumi ya fito ya ƙi bushewa.

An sauke mu a ɗakunan kwanan ɗalibai. Abokin ɗakina, Bikash, ɗan ƙasar Nepal ne, shi ruwan sha yake bincike. Sanyin ɗakin ya sa na riƙa kwana da bargo alhali waje na ci da wuta, har mura ta kama ni a makon farko. Abin da ya fi damuna shi ne rashin gaisuwa. Ku shiga lif ku da yawa, kowa ya zuba wa ƙofa ido. Na yi ta yin sallama ana kallona, har na koma yin ta a zuci. Ba na cewa mutanen banza ne. Ina jin dai kowa baƙo ne, kuma baƙo bai san wa ya kamata ya fara gaida wa ba. Abinci kuwa shinkafa ce safe da yamma, da kayan ƙamshi masu yawa da barkono kaɗan. Ran Juma'a Alhaji yakan kira ni in same shi a Port Saeed, kusa da inda jiragen ruwa na katako ke lodi, daga nan mu shiga wani filat a Deira inda wata 'yar Damagaram ke tuƙa tuwo. Ita na bai wa kukar Inna.

Malamar da aka haɗa ni da ita sunanta Dakta Salwa, 'yar Sudan ce, mai magana a hankali. Ta nuna mini kayan aikin. Wata 'yar na'ura ce da ake maƙala wa ma'aikaci a ɗamara, da siririn tiyo da ke hawa zuwa wuyan rigarsa. A bakin tiyon akwai farar filta, faɗinta bai wuce kwabo ba. Na'urar tana zuƙar iska yadda hanci ke zuƙa, duk ƙurar da mutum zai shaƙa sai ta maƙale a filtar. A auna nauyinta da safe, a sake aunawa bayan an tashi aiki. Bambancin shi ne abin da ke shiga ƙirjinsa. Ta damƙa mini na'urorin ta ce suna hannuna. Ban ji daɗin wannan magana ba, don na san ba abin da zan iya yi in ɗaya ta lalace.

Samun garejin da zai yarda ya yi wuya. Ras Al Khor unguwar masana'antu ce, rumbuna da garejoji a jere, kuma masu su ba sa son baƙo mai na'ura. Alhaji Sabi'u ne ya buɗe mana ƙofa. Akwai wurin da yake sayen tsofaffin injuna da kayan birki, a wanke su, a gurje tsatsa, a loda masa a kwantena. Ya kai mu wurin mai garejin, wanda ma'aikata ke kira arbab, wato maigida. Arbab ya yarda bisa sharaɗi. Zan zo da safe in ɗaura, in dawo da yamma in kwance, ba zan tsaya ina hana mutane aiki ba, kuma in gama kafin ya tafi hutu ƙasarsu. Dakta Salwa ita ma ta sa nata. In awo ya nuna iskar ta yi muni, zai sa injin zuƙe ƙura a wurin gurza. Ya ce ya ji. Alhaji ya ce shi ne shaida.

Wurin gurzan yana can ƙuryar rumbun, ba taga. Babban mai aikin shi ne Malam Haruna, mutumin Tawa a Nijar, gemunsa ya fara fari. Ya yi karatun Faransanci, har ya taɓa koyarwa kafin ya fito neman abinci. Shi ke riƙe da injin gurza ƙarfe, da wasu mutum biyu a ƙarƙashinsa. Tun ganin farko na lura da tarinsa, busasshe ne, yakan zo masa a tsakiyar magana ya jira ya wuce. In akwai wanda injin zuƙe ƙurar nan zai amfana, shi ne.

"Kai ne likitan iska?" ya ce da ni.

"Ba likita ba ne, Baba, ɗalibi ne."

"Bon. Ɗan Najeriya da ya ce shi ba babba ba ne. Yau na ga abin mamaki."

Na yi musu bayanin na'urar, dogon bayani, har da yadda ake auna filta. Ina jin na yi shi daidai. Amma da na zo ɗaura wa Malam Haruna, hannuna na rawa, sai na ƙara da cewa, "Don Allah Baba a kula da ita. Kayan makaranta ne, kuma a hannuna suke. Kada ta faɗi, kada ta bugu da ƙarfe, kada mai ya taɓa ta." Ya ce in kwantar da hankalina. Washegari na maimaita, haka ma jibi. Ita ce maganar ƙarshe da nakan yi kowace safiya kafin in fita.

Da yamma nakan tarar da su sanye da na'urorin, tsaf, ko ɗigon mai babu. Na yaba musu. Amma a ɗakin awo filtocin suka riƙa fitowa farare, nauyinsu kusan bai motsa ba. Na zargi ma'aunin, na sake aunawa. Na zargi tiyon, na busa shi na ga ba ya yoyo. Na nuna wa Dakta Salwa, ta ce abin da mamaki, amma mu rubuta abin da muka samu, ba abin da muke zato ba. Na san ma'anar haka. In aka tafi a kan wannan, takardarmu za ta ce iskar ƙuryar nan lafiya lau take, arbab ya rataye ta a bango, Malam Haruna ya ci gaba da tarinsa da shaidar jami'a a kansa.

A ƙarshen wannan mako aka kai mu ɗalibai Hatta shan iska. Gari ne a cikin duwatsu wajen iyakar Oman, da gonakin dabino da madatsar ruwa. Mutane na hawa ƙananan kwale-kwale suna ɗaukar hoto. Ni da na taso a bakin kogi ban ga abin hoto ba, kuma hankalina ba ya wurin. Na zauna a inuwa na gaya wa Bikash damuwata. Yana ɓare lemo ya tambaye ni ko na taɓa ganinsu sanye da na'urar suna cikin aiki. Na ce sharaɗin arbab bai ba ni dama ba. Ya ce, "To ba ka san abin da kake aunawa ba." Ban ji daɗi ba, amma gaskiya ya faɗa.

Ran Litinin na ɗaura musu da safe kamar kullum, na fita, na zauna a wani shagon shayi. Da hantsi na koma. Na san ina karya sharaɗi. Na tarar da Malam Haruna a sunkuye, tartsatsi na tashi, ƙura ta yi duhu a ƙuryar har fitila ta dushe. Ba na'ura a jikinsa, babu a jikin sauran. Da ya gan ni ya kashe injin, ya sauke ƙyallen da ya rufe hanci da shi.

"Lafiya, ɗana?"

"Baba, ina na'urorin?"

Ya wanke hannu tukuna, sannan ya ja ni zuwa ofishin arbab, ɗaki mai gilashi da sanyi. Ya buɗe kabad. Suna ciki, an naɗe su a farin rawaninsa, suna ta ƙugi a hankali.

Na rasa ta inda zan fara, don ba a tuhumar sa'an uba. Da ƙyar na ce, "Ko arbab ne ya ce a cire? In tsoron rasa aiki ne, Baba, ba za a rubuta sunan kowa ba."

Fuskarsa ta canza. "Tsoro? Ni na riga ɗansa sanin garejin ga. Arbab bai san ma suna nan ba." Tari ya zo masa, na jira. "Kullum ka zo sai ka ce a kula, a kula. Na ga hannunka shina rawa. Na ce yaron ga in abin nan ya lalace a wurinmu, shi za a kora gida da kunya, a ce an ba ɗan Hausa dama ya ɓata. Ka ba ni ajiya. Mi kake so in yi da ajiya, in kai ta cikin wuta? Kuma ai ban kashe ta ba, ka ji tana aikinta."

Na ce, "Tana aiki, Baba. Amma iskar ofishin arbab take aunawa."

Na sake bayanin, wannan karon a gajarce. Na ce an yi ta ne don ta sha abin da yake sha. In ta fito da tsabta, ba za a sa injin ba. Ya dubi rawanin.

"To mi ya hana ka ce in ƙazanta ta?"

Na faɗa a ranar farko, amma sau ɗaya na faɗa, ita kuwa ɗayar maganar kullum nake yin ta.

Na je na gaya wa Dakta Salwa ina jiran faɗa. Ba ta yi ba. Ta cire tabarau ta murza ido, ta ce a garinsu ma da haka za a yi. Matsalar ita ce lokaci. Arbab zai tashi ran Laraba, kuma ya ce ba mai shiga masa gareji da na'ura ba ya nan. Yini ɗaya ya rage mana.

Ran Talata na ɗaura wa Malam Haruna na'urar na rufe bakina. Shi ne ya ce, "Ba ka ce a kula ba." Na ce, "A yi aiki kawai, Baba." Da yamma na same ta ta yi baƙi, da ɗan karce a gefe. Na buɗe bakin tiyon a gabansa, abin da bai kamata in yi a wajen ɗakin awo ba, amma na ga yana da haƙƙin gani. Filtar ta koma kalar ƙasar tukunya.

"Wanga na yini guda ne?"

"Na yini guda ne."

Ya ɗora tafin hannu a ƙirjinsa, ya bar shi a wurin. Na san lissafin shekarun da yake yi, kuma ban da abin da zan rage masa a ciki. Can ya ce in rufe ta kada iska ta kwashe.

Washegari da safe muka zauna da arbab, akwatinsa na cikin mota. Dakta Salwa ta gaya masa gaskiya. Ta ce awon jiya ya wuce abin da ya dace nesa ba kusa ba, amma a ƙa'idar bincike yini ɗaya bai isa a yanke hukunci a rubuce ba. Arbab ya ce to ai magana ta ƙare, fararen filtoci sun fi yawa, baƙa ɗaya ce. Don in rushe wannan sai na faɗi inda fararen suka yini, kuma faɗin haka tona Malam Haruna ne a gaban maigidansa. Na fara kame-kame, ina cewa mai yiwuwa an sami wata 'yar matsala wajen yadda aka yi amfani da kayan.

Malam Haruna yana tsaye a bakin ƙofa. Ya shigo, ya buɗe kabad ɗin, ya nuna ciki. Da guntun Larabcinsa ya ce shi ne ya riƙa ajiye su a nan. Arbab ya kalli kabad, ya kalle shi, sai ya yi dariya ya ce ashe ofishinsa aka yi wa awo kyauta. Sannan ya juyo kaina, dariyar ta tafi.

"Kai ne kake zuwa kullum. Dakta ta ce ƙa'ida, na ji. Kai nake tambaya. Iskar wurina tana da illa, e ko a'a?"

Duk wanda ya san ni ya san ba na amsa tambaya haka. Na ji kalmomin da na saba suna taruwa a bakina, wataƙila, ana iya cewa, sai an ƙara bincike. Duk gaskiya ne kuwa. Amma na san in na furta ɗaya daga cikinsu zai ɗauke ta ya shiga mota.

Na ce, "E. Abin da ya shaƙa jiya yana da illa, kuma aikin jiya shi ne aikin kullum."

Na saci kallon Dakta Salwa. Ba ta gyara mini ba. Arbab ya kaɗa makullin motarsa, ya ce da Larabci, "Khalas, shi ke nan. In na dawo, inshallah." Ya fita.

Sauran makonnin na yi su a wasu garejoji biyu, kuma can aikin ya tafi daidai, don na koyi abin da zan faɗa da abin da zan haɗiye. Na gabatar da sakamakona a gaban malamai. Ana gobe zan taso na koma Ras Al Khor yin sallama. Arbab ya dawo, kuma ya sa an huda bango a saman teburin gurza, rami mai faɗin faranti, inda injin zai zauna. Injin kansa ban gan shi ba. An ce an yi oda. Malam Haruna ya toshe ramin da kwali saboda zafin da ke shigowa. Ya raka ni har titi, ya ce in gaida Innata, in gaya mata kukarta ta kai har bakin mutanen Tawa, don shi ma wurin 'yar Damagaram ɗin nan yake cin tuwo.

Ga ƙannena masu tambaya, ku nema. Ban ce za a ɗauke ku ba, amma ana ɗaukar irinmu, kuma yaren da kuka tashi da shi yana cikin abin da za ku kai musu. Na rubuta wa Dakta Salwa na roƙe ta, in an sami wani ɗalibi a hutu mai zuwa, a mayar da shi garejin nan ya yi awon da ya cika ƙa'ida. Ta ce za ta duba. Ban san ko zai yiwu ba.

Nakan kira Malam Haruna ran Juma'a bayan masallaci. Watanni ke nan amsar ɗaya ce, injin yana hanya. A kiran da na yi na ƙarshe na sake tambaya, ina jin nauyin tambayar.

"Bai zo ba," ya ce. "Amma na cire kwalin."

"Baba, zafin fa?"

"Shina shigowa. Amma duk wanda ya zo sayen kaya sai ya ɗaga kai ya ce, arbab, ramin mi ne wanga? Shi kuma sai ya tsaya ya yi bayani. Jiya ya ce in mayar da kwalin, na ce ya ɓace." Ya yi tari, na jira har ya lafa. "Ka bar shi ya yi ta amsawa, ɗana. Ni ina nan ƙarƙashin ramin."